Wasiƙa Zuwa Ga Sandar Giyar 504

Ya ke sandar giya,

Daga Sabon Tasha nake rubuto miki. Lodin Kachia da Zonkwa da Kafanchan yana nan bai tsaya ba, amma ke kam kin yi wuyar gani. Golf da Sharan sun karɓe layi, masu motocin gida kuma yawancinsu sun koma otomatik 'yan Kwatano.

Ke ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A nan Kakuri aka riƙa haɗa motarki tun da kamfanin Peugeot ya fara aiki a 1975, har wajen 2006 da aka daina yin 504. Shi ya sa a da duk garejin da ke bakin titin Kachia akwai wanda ya san cikinki da bayanki.

Aibinki ɗaya, tafiyarki ta yi tsawo. A Faransa wannan ba damuwa ba ce, mutum ɗaya ke zama kusa da direba. Mu kuwa biyu ake cusawa a gaba, gwiwar na tsakiya ta tokare ki. Kafin a kai Kujama direba ya gaji da cewa, "Malam, ɗan gyara ƙafarka." Daga nan sai gareji: "Oga, a rage mata tafiya."

A nan ake gane bakanike. Mai gaggawa zarto zai ɗauko ya datse ki ta sama, ya mayar da kan. Tafiya ta ragu, gaskiya ne, amma kin gajarce, direba sai ya riƙa sunkuyo yana laluben ki. Gwani ba ya farawa da yanka. Zai girgiza ki tukuna, domin sau da yawa ba tsawo ne matsalar ba, bushin da suka cinye ne suka sa kike lilo. In ya canja su bai gamsu ba, sai ya zare ki gaba ɗaya, ya share baƙin giris da tsumma har ƙwallon da kike juyawa a kansa ya fito. Ƙasan ƙwallon nan yake ƙara wa ƙarfe, ɗan kaɗan, bai kai gaɓar yatsa ba. Ya kai wa mai walda, ya tsaya a kansa, sannan ya ɗaga mazaunin ƙwallon daidai abin da ya ƙara don kada ki gogi komai a ƙasa. Shi ke nan, motsi kaɗan a sama ya wadatar.

Kuma ba ya ɓoye wa direba farashin abin. Za ki ƙara nauyi a hannu. Zoben tagullar da ke daidaita gudun haƙora a cikin giyabos bai san an rage tafiya ba, lokacinsa yake bukata. Wanda ya fizge ki bai taka kuloci sosai ba, ƙarar da zai ji ita ce kuɗinsa ke tafiya.

Ba na zagin otomatik. Dattijo mai ciwon gwiwa da ya maƙale a cunkoson gadar Sabon Tasha ya san amfaninta. Sai dai ke, in batir ya mutu a Kufana, fasinjoji su tura a sa ki a ta biyu, mota ta tashi. A gangaren Kagoro ke kike riƙe mota, birki ya huta. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne hannun da ya san ki yana ƙarewa: bakaniken da zai sa direba ya zauna, ya dubi tsawon hannunsa kafin ya taɓa ƙarfe.

Bari in ari wasiƙarki in roƙi ogannin da suka rage. Kafin 504 ta ƙarshe ta tafi hannun 'yan gwangwan, ku zaro sandarta, ku tara yaranku, ku nuna musu wannan aiki.