Motar da Aka Hana Ni Tayarwa

Coventry, Ingila
Nuwamba

Yaya,

Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya kawo kai. Yanzu ƙarfe huɗu da rabi na yamma gari ya riga ya yi duhu.

Labarin yau na sana'arka ta gyaran mota ne, shi ya sa ban so in gutsura maka shi a waya ba. Maƙwabcina, wani dattijon Bature da ya ƙare ƙuruciyarsa a masana'antar mota, ya tafi Ostireliya wurin 'yarsa, kuma sai shekara ta zagayo zai dawo. Ya bar mini makullin garejinsa. A ciki akwai motar da yake ji da ita fiye da gidan kansa: MGB ƙirar 1971, koriya shar, kujera biyu, da rufin yadi mai naɗewa baya. A garin Abingdon kusa da Oxford aka ƙera irinta daga 1962 har aka rufe masana'antar a 1980, kuma an yi sama da dubu 500, don haka ba wata mota ce ta attajirai ba. Amma ka ga yadda yake shafa ta, sai ka rantse ita kaɗai ta rage a duniya.

Amanar da ya ba ni sharaɗi ɗaya ne babba a cikinta: kada in tayar da ita. Ko sau ɗaya.

Na san abin da za ka ce, don ni ma na faɗa masa. A gida wanda zai yi tafiya yakan bar wa yaro makulli ya ce kullum da safe a ɗumama mota kada ta mutu. Dattijon ya ce wannan ɗumamawar ita ce ke kashe mota a ƙasar nan. Hujjarsa kuwa ta shige ni. Fetur in ya ƙone ruwa yake fitarwa, shi ne wanda kake gani yana ɗiga daga salansa da sassafe. In an hau titi an yi tafiya mai nisa, inji ya yi zafi sosai, ruwan nan sai ya bi iska. In kuwa minti goma aka bar ta tana gurnani a tsaye aka kashe, ruwan yana nan kwance cikin salansa, wani kuma ya gangara cikin baƙin mai. Ga batir an ja masa wuta wajen tayarwa, ba a mayar masa ba. Mako-mako ana haka, mai niyyar alheri yana ta zuba wa mota ruwa a ciki bai sani ba. A wurinsa magana biyu ce: ko a tuƙa ta da gaske, ko a kwantar da ita da kyau a ƙyale ta.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, abokin gabar mota a nan ba ƙura ba ce, ba kuma rana ba. Danshi ne. Iskar ƙasar nan a jiƙe take kusan kullum, kuma da hunturu hukuma na watsa gishiri a tituna don kada ƙanƙara ta daskare a kansu. Gishirin nan yana manne wa ƙarƙashin mota, ya haɗu da danshi, tsatsa ta samu gindin zama. MGB kuma ba a ɗora bodinta a kan shasi daban ba. Bodin ne ƙashin bayanta. In tsatsa ta cinye ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, motar ce ta karye, ko da fentinta na ƙyalli. Saboda haka wankin da ya yi mata na ƙarshe, ƙasan ya fi ba wa ƙarfi, sannan ya zaga da ita har ta bushe ƙarau kafin ya shigar da ita.

Na taya shi aikin, kuma na ga abin da zai ba ka mamaki: sabon baƙin mai da sabuwar filta ya sa wa motar da ba za ta je ko'ina ba. Ya ce tsohon mai ya riga ya kwashi dattin ƙonuwa, yana da tsami mai cin ƙarfe, ba a barin inji ya kwana shekara a cikinsa. Lagireto ya duba ƙarfin maganin hana daskarewa da ke ciki, domin ruwa zalla in ya zama ƙanƙara kumbura yake yi, yana iya tsaga injin kansa. Tayoyi ya ƙara musu iska fiye da ƙa'ida don kada gefen da ke ƙasa ya baje. Birkin hannu kuwa bai ja ba sam, waigi ya sa gaba da baya, don birkin da aka bari a ɗame watanni yakan kama ya ƙi saki. Kuloci ma yakan yi irin wannan halin, shi ya sa aka yarda mini in riƙa shiga ina taka shi, shi da birki, lokaci-lokaci, inji a kashe. Iyakar tuƙin da aka ba ni ke nan.

Batir ɗinta abin kallo ne. Guda biyu ne ƙanana masu ƙarfin wuta volt 6 kowanne, a ɓoye a bayan kujeru, haka kamfanin ya riƙa yi har 1974. Ya jona su da wata 'yar na'urar caji mai ba su wuta kaɗan-kaɗan, in sun cika ta tsaya da kanta. Bakin salansa ya toshe da soson ƙarfe saboda ɓeraye, waɗanda sanyi ke korowa gareji su yi sheƙa su ci waya, ya kuma manna takarda a sitiyari don kada ya manta ya cire. Rufin yadin ya ɗaga shi ya ɗaure, don in an bar shi a naɗe yakan ƙanƙance ya yi karaya. Gilashi ya sauke kaɗan, sannan ya lulluɓe ta da mayafin auduga. Tamfol ko leda haramun ne a wurinsa: suna tsare danshi a jikin fenti. Masu kuɗi, in ji shi, wani tanti suke saya mai kama da gidan sauro, fanka na hura masa iska dare da rana, ko su biya haya a wuraren ajiya irin na Bicester, tsohon sansanin sojan sama da ya koma matattarar tsofaffin motoci. Shi dai garejinsa ba ya yoyo, ya ce ya ishe shi.

Takarda ba ta ɗau lokaci ba. Ya shiga intanet ya sanar da hukumar DVLA da ke Swansea cewa motar ta sauka daga titi, abin da suke kira SORN. Daga nan doka ba ta neman haraji ko inshora a kanta, amma ko a bakin titi ba za a ajiye ta ba. Dama motar da ta haura shekara 40 an yafe mata kuɗin haraji da gwajin lafiyar shekara-shekara. Duk da haka ya yanki ƙaramar inshora ta gobara da sata, wanda a ganina shi ne hankali.

Inda hankalina bai kwanta ba shi ne tanki. Tun Satumban 2021 man da aka fi sayarwa a gidajen mai a nan shi ne E10, wato an gauraya shi da sinadarin etanol har kashi 10 cikin ɗari. Etanol yana jan ruwa daga iska, yana kuma cin tsofaffin robobi da tiyo na motocin da aka ƙera tun ba a san da shi ba. Shi ya sa masu tsofaffin motoci ke sayen E5 mai ƙarancin etanol, duk da tsadarsa. Dattijon ya cika tanki maƙil da E5, ya zuba maganin hana mai lalacewa, ya bar injin ya ja shi har cikin kafiretonta guda biyu, wai in babu iska a tanki babu inda raɓa za ta taru ta kawo tsatsa. Abokinsa da ya zo sallama ya ce sam, shekara guda ta yi yawa, fetur zai tsufa ya yi danƙo ya toshe kafireto, gara a tsiyaye shi tas. Suka yi ta musu a tsaye cikin sanyi, shayi na hucewa a hannunsu, kowa na kawo motar da ya taɓa gani ta lalace ta hanyar ɗan'uwansa. Ni ra'ayina ya fi karkata ga dattijon, saboda kafireto ana kwance shi a wanke da yamma ɗaya, tankin da ya yi tsatsa kuwa sai dai sabo.

Kai da ka sha buɗe motocin da suka daɗe a ajiye, me ka fi tararwa, danƙon mai ko tsatsar tanki? Ka amsa mini in ka samu sarari, zan tura masa, don ya ce yana so ya ji ta bakin bakaniken da ke aiki a inda ruwan sama ke ɗaukewa wata da watanni.

Ka gaishe mini da Hajiya da kyau, ka ce mata saƙonta ya iso. Allah ya bar zumunci.

Naka,
Ƙaninka