Fuskar Masu Sarauta

A kasuwar Gandi fuskar Sardauna Ahmadu Bello tana yawo hannu zuwa hannu, a jikin takardar naira 200. Ɗan Rabah ne, nan kusa da mu. Nakan tsaya in dube ta, rawani ya zauna daram, amma gajiyar mutumin da damuwarsa ba su fito ba.

A Ingila masu zane sun daɗe da daina yi wa manya kara. A 1954 Graham Sutherland ya zana Churchill, jikan gidan sarautar Marlborough, yana zaune tsufa ya danne shi. Churchill ya tsani zanen, daga baya aka ƙone shi. Ƙonewar nan tana yi mini ciwo, domin tsufa ba abin kunya ba ne. A 2001 Lucian Freud ma ya zana Sarauniya Elizabeth da tamojinta duka.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa, da ke kwance a Wurno tun 1837, babu wanda ya zana shi yana raye. Baturen nan Clapperton, da ya gan shi a Sakkwato a 1824, da alƙalami ya siffanta shi. Mu ta littafinsa Infaƙul Maisuri muka san shi.