Kura da Shan Bugu: Abin da Henry Wallace Ya Gani da Abin da Ya Kasa Gani

A ƙarshen watan Agustan 1948, wani dattijo ɗan shekara 59 ya tsaya a tsakiyar garin Burlington da ke jihar North Carolina yana ƙoƙarin yi wa jama'a jawabi, ana jifansa da ƙwai da tumatir, ihu ya hana a ji muryarsa. Shekara uku da rabi kafin wannan rana, shi ne mataimakin shugaban ƙasar Amurka. Sunansa Henry Wallace, ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyar Progressive. Laifinsa a wurin masu jifan shi ne ya shigo kudancin Amurka da sharaɗi: ba zai yi magana a taron da aka ware wa Turawa gefe, baƙar fata gefe ba, kuma ba zai ci abinci ko ya kwana a inda ake korar baƙar fata ba. Haka ya ratsa jihohi bakwai, yana sauka a gidajen magoya bayansa baƙar fata.

Tun tsakiyar ƙarni na 19, jam'iyyu biyu ne ke karɓa-karɓar mulkin Amurka, Democrat da Republican. Duk wanda ya fito daga wajensu ana ce masa ɗan takarar jam'iyya ta uku, kuma kowa ya san ba zai ci ba, shi ma ya sani. Wannan sanin yana kwance masa baki. Ba ya lissafin wane rukuni zai ɓata wa rai, don haka yakan faɗi abin da manya ke haɗiyewa. Sai dai kuma babu dattawan jam'iyya da za su ja masa kunne in ya kauce, babu nauyin mulki da zai tilasta masa sake duba hujjarsa. Takarar Wallace ta nuna amfanin wannan 'yanci da kuma illarsa a shekara guda.

Wallace ɗan manoma ne daga jihar Iowa, gidansu ke buga wata fitacciyar jaridar manoma. Tun yana yaro yake gwaje-gwajen auren irin masara, a 1926 kuma ya kafa kamfanin iri wanda daga baya ya shahara da sunan Pioneer. Shugaba Franklin Roosevelt ya naɗa shi ministan noma a 1933, ya ɗauke shi mataimaki a zaɓen 1940. Amma a taron jam'iyya na 1944 a Chicago, jiga-jigan Democrat da 'yan siyasar Kudu suka haɗa kai a kansa. Sun ga lafiyar Roosevelt ta ja baya, sun san wanda aka zaɓa mataimaki shi ne shugaban gobe. Wallace ya zo kan gaba a zagayen farko na ƙuri'a, a zagaye na biyu Harry Truman ya kayar da shi. Roosevelt ya rasu ranar 12 ga Afrilun 1945, kwana 82 bayan rantsarwa. Da an bar Wallace a kujerarsa, shi ne zai yanke hukunci kan bam ɗin da aka jefa wa Hiroshima.

Ya ci gaba da zama a gwamnati a matsayin ministan kasuwanci har zuwa Satumban 1946, lokacin da ya yi wani jawabi a birnin New York yana sukar tsaurin da Amurka ta fara nuna wa Tarayyar Sobiyet. Bayan kwana takwas Truman ya sallame shi. A ƙarshen Disamban 1947 ya sanar da cewa zai tsaya takara.

A harkar cikin gida, manufofinsa sun riga zamaninsu. Ya nemi a soke dokokin wariyar launin fata baki ɗaya. Ya nemi a haramta harajin da wasu jihohin Kudu ke karɓa kafin mutum ya jefa ƙuri'a, dabarar da ta hana baƙar fata da talakawan Turawa zaɓe. Ya nemi dokar tarayya da za ta hukunta gungun da ke kashe baƙar fata ba tare da shari'a ba, da inshorar lafiya ga kowa, da ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa dala ɗaya a awa a lokacin da yake santi 40. Abokin takararsa, Sanata Glen Taylor na jihar Idaho, 'yan sandan Birmingham sun kama shi a watan Mayun 1948 saboda ya nace sai ya shiga wani taro ta ƙofar da aka keɓe wa baƙar fata. Mawaƙi Paul Robeson da masani W.E.B. Du Bois, wanda daga baya ya koma Ghana ya rasu a Accra a 1963, duk suna bayansa. Ba don maganar Alabama kaɗai suka bi shi ba. Tun a 1942 Wallace ya ce bayan yaƙi babu ƙasar da ke da haƙƙin tatsar wata, maganar da ba ta yi wa Ingila daɗi ba a zamanin da tutarta ke kaɗawa a Legas da Kaduna.

A harkar waje, tunaninsa ya tsaya kan ginshiƙi ɗaya: yaƙin cacar baka ba dole ba ne, tsoro ne ke haifar da tsoro. Ya yi adawa da tallafin dala miliyan 400 da Truman ya nema wa Girka da Turkiyya a 1947. Ya soki shirin Marshall na farfaɗo da Turai, yana ganin a Majalisar Ɗinkin Duniya ya kamata a bi da kuɗin don kada Turai ta rabe gida biyu. Ya so a sa makamin nukiliya ƙarƙashin kulawar ƙasashen duniya. Ya kuma yi gargaɗin cewa ƙasar da ta ɗauki yaƙi da kwaminisanci a matsayin ma'aunin abota za ta wayi gari tana rungumar kowane azzalumi da ya ce shi ma yana yaƙin. Wanda ya san yadda Amurka ta riƙe Mobutu a Kongo shekara da shekaru ba zai ce dattijon ya yi kuskure a nan ba.

Kuskuren yana wani wuri. A jawabin da ya jawo masa kora, Wallace ya ce Amurka ba ta da hurumin tsoma baki a siyasar gabashin Turai, kamar yadda Rasha ba ta da hurumi a Latin Amurka. Mutumin da ya ƙi yarda a bar baƙar fatar Mississippi a hannun masu mulkinsu da sunan 'yancin jihohi, shi ne ya yarda a bar mutanen Poland a hannun Stalin da sunan zaman lafiya.

Tushen wannan rauni ya bayyana tun 1944, lokacin da Roosevelt ya aike shi ziyara Siberiya. An kai shi Magadan, cibiyar yankin Kolyma, inda fursunoni ke haƙar zinariya cikin ƙanƙara suna mutuwa da yawa. Kafin isowarsa jami'an tsaron Sobiyet suka rushe hasumiyoyin gadi da ke kan hanyarsa, suka kulle fursunoni a ɗakunansu, suka cika kantuna da kaya. Ya dawo yana yabon abin da ya gani, har ya fitar da littafi a kai a 1946. Hausawa kan ce gani ya kori ji. A Magadan ganin ne ya yaudare shi, domin masu masaukinsa ne suka zaɓa masa abin da zai gani. Zaluncin Kudu kuwa ya san shi da kansa, babu wanda zai iya yi masa rufa-rufa a kai.

Shekarar zaɓen ta yi ta ƙaryata shi. A watan Fabrairun 1948 'yan kwaminisanci suka ƙwace mulki a Czechoslovakia, Wallace ya ɗora wani kaso na laifin kan manufofin Amurka. A watan Yuni Sobiyet ta toshe hanyoyin shiga Berlin ta Yamma. Jam'iyyar Kwaminisanci ta Amurka ta mara masa baya, 'ya'yanta suka riƙe muhimman ayyuka a yaƙin neman zaɓensa, shi kuma ya ƙi nesanta kansa da su, yana ganin yin haka shiga sahun masu farautar mutane ne saboda ra'ayinsu. Manyan ƙungiyoyin ƙwadago suka juya masa baya. Akasarin baƙar fata masu zaɓe a Arewa ma, duk da girmama shi da suke yi, suka ƙi yin asarar ƙuri'arsu.

Ranar zaɓe ya samu ƙuri'a miliyan ɗaya da dubu ɗari da hamsin da 'yan kai, kashi 2.4 cikin ɗari. A tsarin Amurka wakilan jihohi ne ke zaɓen shugaba, kuma wanda ya zo na ɗaya a jiha yakan kwashe wakilanta duka. Wallace bai zo na ɗaya a ko'ina ba, bai samu wakili ko ɗaya ba. Strom Thurmond, gwamnan South Carolina da ya tsaya takara don kare wariyar launin fata, ya samu kusan adadin ƙuri'un Wallace, amma da yake nasa sun taru a Kudu, ya ci jihohi huɗu, ya tashi da wakilai 39. Truman ya yi nasara da wakilai 303. Abin da Wallace ya iya shi ne hana Truman jihar New York: ya samu ƙuri'a sama da dubu 500 a can, Thomas Dewey na Republican ya ci jihar da ratar kimanin dubu 60. Wannan zargi yakan bi 'yan takara irinsa. An yi wa Ralph Nader shi a 2000, da ya samu ƙuri'a dubu 97 a Florida inda ratar ta kasance 537.

Amma lissafin bai ƙare a akwatin zaɓe ba. Tun a ƙarshen 1947 masu ba Truman shawara suka rubuta masa cewa Wallace zai iya janye ƙuri'un baƙar fata da na ma'aikata a manyan jihohin Arewa, kuma maganin hakan shi ne a riga shi. A watan Fabrairun 1948 Truman ya aika wa majalisa buƙatun kare haƙƙin baƙar fata. A wannan watan ne ɗan takarar da Wallace ya goya wa baya, Leo Isacson, ya ba da mamaki ya ci kujerar majalisar wakilai a unguwar Bronx, tsoron ya ƙaru. A watan Yuli taron Democrat ya amince da manufa mai ƙarfi kan 'yancin baƙar fata, har wasu wakilan Kudu suka fice. Ranar 26 ga watan Truman ya sa hannu kan umarnin kawo ƙarshen wariya a rundunar soja. Ba Wallace kaɗai ya jawo wannan ba. Jagoran ƙwadago A. Philip Randolph ya yi barazanar kiran matasa baƙar fata su ƙi shiga soja. Sai dai barazana takan fi tasiri idan mai mulki ya san ƙuri'ar tana da wani wurin zuwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: Wallace ya sha ƙwai, Truman ya shiga tarihi.

Da yaƙin Koriya ya ɓarke a 1950, Wallace ya goyi bayan matakin Amurka da Majalisar Ɗinkin Duniya, ya fice daga jam'iyyar da aka gina dominsa. A 1952 ya rubuta maƙala ya amsa a fili cewa ya yi kuskure game da Stalin, ya ambaci yaudarar Magadan. Bai taɓa janye ko kalma ɗaya daga abin da ya faɗa a Kudu ba. Ya koma gonarsa a jihar New York yana gwajin irin kaji da furanni. A watan Agustan 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu kan dokar da ta tabbatar wa baƙar fata 'yancin jefa ƙuri'a, shekara 17 bayan jifan Burlington. Wallace na kwance a lokacin, ciwon jijiyoyi ya fara cin ƙarfinsa. Ya rasu a watan Nuwamba, wata uku bayan haka.