Alappuzha: Garin da Ruwa Ya Raya

Alappuzha gari ne da ke gaɓar Tekun Larabawa, a jihar Kerala ta kudu maso yammacin Indiya. Turawa sun daɗe suna kiransa Alleppey, sai a 1990 hukuma ta mayar masa da sunansa na harshen Malayalam. Wani malamin makaranta daga Arewacin Nijeriya ya taɓa kai ziyara can. Abin da ya ja shi kuwa shi ne tunawa da 'yan Kerala da suka koyar da lissafi da kimiyya a makarantun sakandaren Arewa cikin shekarun 1970 da 1980. Ya so ya ga ƙasar da ta haife su.

Da bakin teku ya fara. A can ya tarar da hasumiyar fitilar jagorar jirage da aka gina a 1862, da ragowar ƙarafan gadar lodi waɗanda tsatsa ta cinye. A ƙarshen ƙarni na 18 ne Raja Kesavadas, wazirin masarautar Travancore, ya raya wannan tasha, ya haƙa hanyoyin ruwa har cikin gari, ya gayyato fatake daga wurare masu nisa. Kayan yaji da katako duk ta nan suke fita. A 1859 aka kafa masana'antar sarrafa zaren ɓawon kwakwa, igiya da tabarmi suka zama arzikin garin. Amma da aka faɗaɗa tashar Kochi a shekarun 1920 da 1930, sai manyan jirage suka juya akala can, kasuwar Alappuzha ta fara ci baya.

Washegari malamin ya shiga jirgin da ake kira kettuvallam. A harshen Malayalam, kettu na nufin ɗauri, vallam kuma kwalekwale. Sunan ya dace da mai shi, domin a ƙirar gargajiya ba a sa ƙusa. Da igiyar kwakwa ake ɗinke allunan, sannan a shafe su da baƙin mai na ɓawon yazawa don kada ruwa ya shiga. A da, shinkafa da kayan yaji irin waɗannan jirage ke dako. Da hanyoyin mota suka yawaita, sai suka rasa aiki. A shekarun 1990 aka fara mayar da su gidajen kan ruwa, da ɗakin kwana da madafa da rumfar shan iska. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Jirgin ya ratsa Tafkin Vembanad ya nufi yankin Kuttanad. A nan ne malamin ya ga abin da ya ɗaure masa kai: yana zaune cikin jirgi, gonakin shinkafa na ƙasa da shi. Filayen sun fi teku kwari da mita ɗaya zuwa biyu ko fiye, manoma sun kewaye su da ganuwa, suna zuƙe ruwan da injuna kafin shuka. A 2013 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya wannan noma cikin gadon duniya. A kan siririyar ganuwar nan gidaje suke. Ga yara sanye da kayan makaranta suna jiran jirgin haya, ga mai kiwon agwagi yana kora garkensa, ga mata a matakalar ƙofar gida suna wanki da wanke-wanke.

Ganin matan nan ne ya rage masa jin daɗin tafiyar. Ruwan da shi ya biya kuɗi don ya kalla, su shi ne hanyarsu, shi ne gonarsu, shi ne wurin wankansu. Duk jirgin da ya wuce, igiyar ruwansa na dukan ganuwa. Ga maiƙon inji yana yawo a sama, ga robobi sun maƙale cikin kainuwa, ga ragowar taki da maganin ƙwari daga gonaki. Duk da haka, matuƙin jirgin da mai dafa masa kifin karimeen 'ya'yan waɗannan ƙauyuka ne, da kuɗin baƙi suke ciyar da iyali. Hana jirage yawo zai kashe tukunyarsu. Barin su ba ƙaidi kuma zai kashe ruwan. Ambaliyar 2018, wadda ta tilasta kwashe mutanen Kuttanad daga gidajensu, ta nuna irin siririn zaren da rayuwarsu ke rataye a kai.

Kafin faɗuwar rana matuƙin ya kashe inji ya ɗaure jirgi a jikin kwakwa. Malamin ya tambayi dalili, aka ce masa ƙa'ida ce: dare na masunta ne, su ma su shimfiɗa tarunsu. Wannan ɗan rabon lokaci ya fi komai tsaya masa a rai. Garin da ya rasa tasharsa ya sami sana'a a ruwan bayan gida, kuma ɗorewar sana'ar na ga yadda baƙo da manomi da masunci za su bar wa juna wuri a ruwa guda.