Na je gyaran sikirin, na goge wa ɗan yayata aikinsa

Yawancin ɗaliban kwamfuta a Jos laftof ɗaya gare su, ita ma ta hannu ce, kuma Windows ne a kanta. Idan darasi ya buƙaci Linux, sai su sauke VirtualBox, manhajar kamfanin Oracle da ake samu kyauta, su gina wata kwamfutar a cikin tasu: ta waje mai masauki, ta ciki baƙuwa. Matsalar da ke fara tarbar su kusan iri ɗaya ce. Hoton baƙuwar yakan maƙale a 800x600, ɗan akwati a tsakiyar sikirin mai 1366x768, har wasu maɓallan su nutse ƙasa inda hannu ba ya kaiwa.

Wannan ce ta kawo ɗan yayata shagona a wajen Terminus, lokacin yana ajin ƙarshe a Jami'ar Jos. Ubuntu 20.04 ya ɗora a baƙuwar. Ya ce, "Kawu, hoton ne kawai ya ƙi buɗewa, sauran komai lafiya lau." Na daɗe ina gyaran kwamfuta, amma ban taɓa zama na koyi yadda baƙuwa take aiki ba, kuma na ji nauyin faɗa wa yaron da ke kallona a matsayin gwani. Na ce masa ya zauna, yanzun nan.

Sai na bi da ita yadda nake bi da kwamfutar gaske. Na duba na ga katin hoton laftof ɗin na Intel ne, na rubuta fayil ɗin xorg.conf a cikin baƙuwar, na tilasta mata ta yi aiki da direban Intel. Abin da ban sani ba shi ne baƙuwa ba ta ganin katin gaske ko kaɗan. Wani katin kwaikwayo VirtualBox ke nuna mata, wanda tun daga siga ta 6.0 ake ba Linux da sunan VMSVGA. Da na sake kunna ta, sikirin ya yi baƙi ƙirin.

Har a nan, ɓarnar ƙarama ce. Da na danna Ctrl na dama tare da F3, da fagen rubuta umarni ya fito, in goge fayil ɗin da na rubuta, komai ya dawo yadda yake. Amma kunya ta sa ni gaggawa. Na ce masa mu sake ɗora sabuwa kawai. Na tambaye shi ko aikinsa na cikin laftof, ya ce e, ban ƙara da cewa "a wane ɓangare" ba. VirtualBox ta ba ni zaɓi biyu, a cire sunan baƙuwar kaɗai ko a goge ta da dukan fayilolinta, na zaɓi na biyu. Manhajar da ya rubuta don aikin kammala karatu da rumbun bayananta duk suna cikin faifan baƙuwar, fayil guda mai ƙarewa da .vdi, kuma gogewar ba ta bi ta kwandon shara ba. Muka yi ta ƙoƙarin dawo da shi, bai yiwu ba. Ya ce, "Ba komai, Kawu, haka Allah ya ƙaddara." Ya yafe, amma shi ya kwashe makonni a sanyin hunturun Jos yana sake rubutawa daga wani tsohon kwafi.

Maganin da na koya daga baya bai kai ya kawo ba. Ana ɗora wa baƙuwa ƙunshin da ake kira Guest Additions, shi ne ke sanar da ita girman tagar da take ciki. A Ubuntu, a fara sauke build-essential da dkms da linux-headers na ƙwayar tsarin da ke aiki. Sannan a shiga Devices a saka faifan ƙunshin, a gudanar da VBoxLinuxAdditions.run, a sake kunnawa. A tabbata sigar ƙunshin ta zo daidai da ta VirtualBox, a bar katin a VMSVGA, a ɗaga ma'ajiyar hoto zuwa megabait 128. Daga nan duk yadda aka ja tagar, hoton zai bi ta.

Rashin sanin VMSVGA ba shi ne laifina ba, kowa da ranar da ya fara koyo. Laifina shi ne ɓoye rashin sanin, da taɓa amanar mutum ban ajiye masa madadi ba.

'Yan'uwana masu gyara, daga Terminus zuwa Farin Gada da Titin Bauchi, kafin ku canza komai a baƙuwa ku ɗauki sinafshot, wato ajiyar halin da take ciki, don a iya komawa baya. Shi ma bai isa ba, domin yana tafiya tare da baƙuwar idan an goge ta, saboda haka ku kwafe aikin mai ita a filash, ya buɗe ya gani da idonsa. Idan kuma abu ya fi ƙarfin saninku, ku ce masa ya ba ku lokaci ku bincika. Matambayi ba ya ɓata.