Yaron unguwarmu da gidan yarin manya

Jama'a, akwai wani yaro nan Jiga Makera, shekararsa 15. Bara aka kama shi da wayar wani a kasuwar Jega. Aka ce babu wurin ajiye irinsa, sai aka haɗa shi da manya, wata biyar cur. Ni na raka uwarsa ranar da aka sako shi. Wallahi yaron da ya shiga yana kuka, ya fito yana lissafo min sunayen ƙwayoyin da ban taɓa ji ba.

Dokar 2019 da Buhari ya sa wa hannu ta ce a yi gidan gyaran yara a kowace jiha. Amma shekara da shekaru na tarayya uku muka sani: Kaduna, Ilorin, Abeokuta. To daga nan zuwa Kakuri, wace uwa ke da kuɗin mota?

Ni ina so a gina mana a Kebbi. Tsorona dai kar a tayar da katanga babu malami, babu ɗinki, babu walda, a yi ta cusa 'ya'yan talakawa. Ba mu manta yaran da suka yanke jiki suka faɗi a kotun Abuja a Nuwamban 2024 ba.

Yaron yanzu yana zuga wurin wani maƙeri. Uwar har yau ba ta barinsa fita bayan isha'i.