Adamu Halilu da Majigin Kakata

Kakata ta wajen uba, wadda duk gidanmu ke kira Inna, ba ta taɓa taka ƙofar gidan sinima ba, kuma da wani zai ce ta je, da sai ta tambaye shi ko ya ga alamar iskanci a goshinta. Amma ta sha kallon majigi. Har yau da shekarunta suka haura saba'in, idan hira ta yi daɗi, takan koma kan waɗannan darare kamar jiya aka yi su.

A ƙauyenmu da ke ƙasar Yankwashi aka yi, lokacin Kazaure tana cikin Lardin Kano, babu wanda ya yi ko mafarkin Jigawa. Tun da hantsi mai shela zai zaga ya ce yau akwai majigi a ƙofar gidan dagaci. Kafin la'asar motar ta iso ta buɗe da ƙura, yara na biye da ita. A kafa farin ƙyalle, a jira a idar da sallar isha'i, sannan a tada inji. Inna tana yarinya mai tallar dafaffiyar gyaɗa, ta ce a irin wannan dare kaɗai take sayar da kwano biyu. Ta tuna Sardauna yana saukowa daga jirgin sama, ta tuna yadda ake shuka auduga a layi, da yadda ake yi wa shanu allurar bushiya, da Baban Larai wanda sunansa ya daɗe a bakin mutanen zamanin. Amma wanda ta fi tunawa shi ne mutumin da ke riƙe da lasifika yana yi wa jama'a bayanin abin da suke gani. Idan aka nuno malalacin manomi, sai ya laƙaba masa sunan wani da ya ji ana tsokana a garin, fili ya kaure da dariya.

Na taɓa tambayarta ko ta san wanda ke shirya waɗannan fina-finai. Ta dube ni ta ce, “Kai maigidan nan da tambaya kake. Gwamnati mana.”

Amsarta daidai ce, sai dai gwamnati ba ta riƙe kyamara. Akwai mutanen da suka riƙe, kuma wanda ya fi fice a cikinsu shi ne Alhaji Adamu Halilu. Abin kunyar da zan faɗa shi ne, na yi shekara huɗu ina karatun aikin jarida a jami'a, na ci jarrabawar tarihin fim, ban riƙe sunansa ba.

Waɗanda na haddace su ne daraktocin Hollywood na zamanin manyan kamfanoni. A wancan tsari darakta ma'aikaci ne mai albashi. Kamfani ke da kyamara, da ɗakin ɗauka, da 'yan wasa, da gidajen sinimar da za a nuna fim ɗin. Shi kuwa a miƙa masa labari ranar Litinin, ya gama ya karɓi wani. Michael Curtiz, mutumin Hangari da kamfanin Warner ya ɗauko a 1926, ya yi fina-finai kusan ɗari a Amurka a kan wannan ƙa'ida, kuma daga cikinsu ne Casablanca ya fito a 1942. Darasin da malamanmu ke so mu ɗauka shi ne, gwaninta takan fito daga yawan yi, kuma mutum yana iya sa hannunsa a aikin da ba shi ya zaɓa ba. Na rubuta haka a takardar jarrabawa, ban san cewa an yi irin wannan mutum a Kaduna ba, kuma mai yiwuwa kakata ta sayar da gyaɗa a gaban aikinsa.

Mu a Arewa ba mu yi kamfanin Warner ba. Abin da ya tsaya a matsayinsa shi ne sashen shirya fina-finai na gwamnati. Asalinsa na Turawan mulki ne. Wani jami'in kiwon lafiya mai suna William Sellers, wanda ya fara amfani da fim wajen faɗakarwa a Legas, shi ya jagoranci sashen fina-finan ƙasashen mulkin mallaka da Ingila ta kafa a 1939. Sellers yana da ra'ayi a kan ɗan Afirka mai kallo: wai idonsa bai saba ba, don haka kada kyamara ta yi gaggawa, kada a yi dabarar da za ta rikita shi, a nuna abu ɗaya a daɗe a kansa, a maimaita. Raini ne tsagwaronsa, amma ya zama dokar aiki, kuma a kanta aka horar da 'yan ƙasar da suka shiga sana'ar. Da aka raba Najeriya jihohi uku, Gwamnatin Jihar Arewa ta yi nata sashen a ƙarƙashin ma'aikatar watsa labarai, da motocinta masu zaga larduna. Kalmar majigi kanta daga sunan tsohuwar fitilar haska hoto ta Turawa Hausawa suka lanƙwaso ta.

Cikin wannan gida Adamu Halilu ya tashi. An haife shi a 1936 a ƙasar Adamawa, ya samu horo a Ingila, ya shiga aikin tun yana matashi. Fina-finan da ya sa hannu a kansu, ko da rubutu ko da haɗa hoto ko da ba da umarni, sun kai wajen saba'in. Mafi yawansu gajeru ne, irin waɗanda ma'aikata ke buƙata: noma, lafiya, bukukuwan gwamnati. Daga baya ya matsa zuwa masu labari, kamar Mama Learns a Lesson a 1963 da Child Bride a 1971, wanda sunansa kaɗai ya nuna ya taɓo auren wuri tun shekaru hamsin da suka wuce. Mai karatu zai lura sunayen da Turanci suke. Haka fayil ɗin ofis yake so. Hausar tana bakin mai lasifika.

Ba na so in yi wa wannan zamani kwalliyar da ba tasa ba. Majigi bakin gwamnati ne, gwamnatin kuma ta NPC ce. Marigayi kakana, wanda ɗan NEPU ne har ya koma ga Allah, an ce yakan tsaya can baya ya ce an zo a nuna wa talaka yadda zai gode. Yana da hujja. Darakta a wannan tsari ba ya zaɓen abin da zai faɗa, kuma ba a tambayarsa ko ya yarda. Amma akwai abin da tsarin ya ba shi wanda mai shirya fim na yau zai yi kwaɗayinsa. Ya samu shekara ashirin yana ɗaukar hoto ba tare da fargabar kasuwa ba. Ya zaga ƙasar, ya san yadda hasken hunturu ke cinye fuska, ya san yadda ake tsayar da manomin da bai taɓa ganin kyamara ba har ya manta da ita. Sannan masu kallonsa ba 'yan birni ba ne da suka saba da fina-finan Indiya a Plaza ko Wapa. Mata ne da yara da dattawa zaune a kan tabarma, mutanen da sinima ta haramta a gare su bisa al'ada, majigi kuwa ya halatta saboda a ƙofar mai gari ake yin sa, a sarari, kyauta.

Duk wannan koyo ya taru a fim ɗaya. A 1976, ana shirin bikin al'adun baƙar fata na FESTAC da aka yi a Legas farkon 1977, Gwamnatin Tarayya ta ba shi aikin mayar da littafin Shaihu Umar fim. Littafin na Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, ya rubuta shi yana malamin makaranta, don gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Umaru Ladan, wanda shi da Dexter Lyndersay suka riga suka mayar da labarin wasan kwaikwayo, shi ya fito a matsayin Shaihun. Duk wanda ya yi makaranta a Arewa ya san zaren labarin: malami ne a Rauta almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya ba su labarin yadda aka sace shi yana ƙarami, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, aka ƙetare Sahara da shi, ya zama masani, mahaifiyarsa kuma ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta.

Fim ɗin ya haura sa'a biyu da minti ashirin, kuma ba ya sauri ko kaɗan. A nan ne abin ya fi burge ni. Jinkirin nan da Sellers ya ɗora wa ɗalibansa don yana ganin kanmu ba ya ɗauka da wuri, shi Halilu ya riƙe, amma ya juya ma'anarsa. Idan ayarin raƙuma zai ratsa rairayi, kyamara takan jira shi, har mai kallo ya ji nisan tafiyar a jikinsa. Idan mutane biyu za su gaisa, a kan bar su su gama gaisuwar kamar yadda Bahaushe ke yi, ba a datse ta don a kai ga magana. Abin da aka ƙirƙiro don raina mai kallo ya koma hanyar girmama wanda ake kallo. Ban ce da gangan ya zauna ya tsara ramuwa ba. Na dai ga mutumin da ya daɗe da kayan aikin da aka ba shi har ya gano abin da za su iya yi wanda masu su ba su hango ba. Kuma a bikin da aka shirya don tinƙaho da al'ada, shi ya kawo labarin da ke nuna Hausawa suna kama junansu suna sayarwa. Wannan ba ƙaramar zuciya ba ce ga ma'aikacin gwamnati.

Bayan haka ya yi Kanta of Kebbi a 1978, kan jarumin da ya kafa daular Kabi, da Moment of Truth a 1981, ya kuma shugabanci Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wadda dokar kafa ta ta fito a 1979. Ya rasu a 2001. A lokacin Kano ta cika da kaset ɗin bidiyo, shekara goma sha ɗaya bayan Turmin Danya, matasa na rububin Sangaya da Wasila, kuma kaɗan ne cikinsu suka taɓa ganin ko minti ɗaya na aikinsa.

Dalilin bai da wuyar ganewa. Tsarin da ya raine shi shi ne ya binne shi. Fim ɗin gwamnati kayan ofis ne, kamar kabad da keken rubutu. An adana Casablanca saboda har gobe yana kawo kuɗi. Shaihu Umar kuwa ba shi da mai shi da zai yi asara idan ya ruɓe. An gama biki, an sa gwangwanayen a ɗaki, an yi canjin ma'aikata, an yi canjin gwamnati. Shekaru da dama ana ɗaukar fim ɗin ya ɓata. Sai a 2016 aka gano asalin zarensa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai, da ƙoƙarin Didi Cheeka na ƙungiyar masu sha'awar fim ta Legas, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. A labarin wannan biki na fara tsayawa a kan sunan Adamu Halilu, ina zaune a ɗakin labarai a Kano, kuma ban ji daɗin cewa daga Jamus labarin ya zo mini ba. (Masu shirya fina-finan Kano da ke murmushi a nan, su je su duba inda asalin kaset ɗin fina-finansu na 1995 yake.)

Da sallar layya da ta wuce na je gida da fim ɗin a kwamfuta. Yankwashi ta zama ƙaramar hukuma tun 1996, hedkwatarta na Karkarna, amma wuta sai ta ga dama, don haka na cika batir tun daga Kazaure. Bayan isha'i na shimfiɗa wa Inna tabarma a tsakar gida, na ɗora kwamfutar a kan turmi na kife. Idonta ya yi yana, ba ta ganin fuska sosai, sai na zama mai lasifika: ina gaya mata ga Makau an kore shi daga gari, ga yaron an ɗauke shi, ga ayari ya tashi. Jikoki suka taru, suka ga babu waƙa babu rawa, suka zame ɗaya bayan ɗaya. Ita ba ta motsa ba.

Da aka zo inda uwar ta bar gida tana neman ɗanta, sai Inna ta ce in tsayar. Ta yi shiru, sannan ta ce kakarta ta taɓa gaya mata cewa tana da ƙane da mahaya suka ɗauke a bakin rijiya zamanin yaƙin Damagaram, aka yi arewa da shi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba, uwarsu kuma har ta mutu ba ta yarda an raba 'yan akuyoyinsa ba. Shekarata talatin da biyar, ban taɓa jin wannan magana a gidanmu ba. Mahaifina da ke zaune a bakin ƙofa ya ce shi ma bai taɓa ji ba.

Muka ci gaba har uwa da ɗa suka haɗu, har ta cika. Batir ya rage kaɗan. Ina naɗe waya ta ce, “Wannan ma gwamnati ce ta yi?”

Na ce gwamnati ce ta biya, amma wani mutum ne ya yi, sunansa Adamu Halilu.

“Ɗan ina ne?”

Na ce mutumin Adamawa ne.

“Yana da rai?”

Na ce ya rasu tun ina firamare.

Ta ce, “Allah ya jiƙansa. Gobe ka je Kazaure ka sa wa abin nan wuta, ka kira mini Gwaggonka ta zo ta gani.”